Yadda Tabawa Ta Yi wa Tsage da Giwan Ruwa Shari'a

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru!

To ku matso kusa da wuta, kowa ya naɗe ƙafarsa. Ta yau daga cikin ruwa ta fito, har yanzu ba ta bushe ba.

An yi wani masunci a wata 'yar tunga a bakin gulbi, ana ce masa Tunau. Shi ba ya jefa taru, fatsa kawai ya sani: sandarsa, igiyarsa, ƙugiyarsa. Matarsa kuwa sunanta Tabawa, kuma duk tungar nan babu wadda ta kai ta iya kifi. In ta ɗora romo a wuta, har masu wucewa cikin kwalekwale sai sun sassauta tuƙi. Shekara talatin suna tare, sun haifa, sun aurar, ba a taɓa jin kansu ba sai a kan abu ɗaya. Kifi.

Tunau ya ce duk gulbin nan babu kamar tsage.

Yakan ce, "Ke ba ki taɓa jin sa a igiya ba, Tabawa. In ya cafki ƙugiya sai ki ce hannunki zai fita daga kafaɗa. Ya yi sama, ya yi ƙasa, ya datse igiya ya bar ki da sanda. Goma za su cafka, in kin fito da biyu ki gode wa Allah. Wannan shi ne kifi!"

Tabawa takan ce, "Maigida, wannan ai ƙaya ce aka lulluɓe da fata. Loma ɗaya, tsince-tsince goma. In zan ba jikana sai na zauna ina tsinta har abincin ya huce. Kawo mini giwan ruwa ka ga aiki. Tsoka fara fat, ƙashi a tsakiya ka zare ka yar. A soya ya yi, a banda ya yi, a romo kuwa ba a magana. Guda ɗaya ya ci da gida uku."

"Giwan ruwa? Ai gara in ɗaura igiyata a turmi in ja. Ya ja ka sau biyu, sau uku, ya gaji. Tsage ne sarki!"

"Giwan ruwa ne sarki!"

"Tsage ne sarki!"

"Giwan ruwa ne sarki!"

Haka suke yi da safe, haka suke yi da yamma. Da a cikin gida suke yi, da da sauƙi. Amma a bakin gulbi suke yi, shi yana gyaran igiya, ita tana wanke tukwane.

To akwai wani ɗan kifi, ƙurungu, wanda bakinsa ba ya shiru. Ku ma kun san shi, ko an kama shi sai ya yi ta gunaguni. Ashe yana nan laɓe a gindin ciyawa yana ji. Sai ya ruga wajen babban Tsage ya ce, "Ka ji? Wai kai ƙaya ne aka lulluɓe da fata." Ya juyo ya nutsa wajen babban Giwan Ruwa ya ce, "Ka ji? Wai kai turmi ne."

Kafin rana ta faɗi gulbi ya rabu biyu. Masu son ruwa mai gudu suka bi Tsage, masu son zurfi suka bi Giwan Ruwa. Aka yi ta cacar baki, aka yi ta cizo. Da abin ya ƙi ƙarewa, sai manyan kifaye suka yi doka: daga yau ba mai taɓa ƙugiya, ba mai shiga taru, sai mutanen da suka ta da maganar sun zo sun kashe ta.

Rana ta farko masunta suka dawo hannu wofi, suka ce sa'a ce. Mako ya wuce, suka ce sanyin ruwa ne. Wata ya wuce. Murhun banda ya huce har kaji suna kwana a ciki. Aka cinye busasshen kifi, aka koma tafasa ganye. Yara suka daina wasa a kan yashi, suka koma raɓe da iyayensu mata suna kuka. Tabawa na ganin jikokinta suna ramewa, tukwanenta kuwa a kife.

Ran nan Sarkin Ruwa, wato shugaban masuntan tungar, yana tsaye a gaɓa, sai ƙurungu ya leƙo da kai ya kwashe labari duka ya faɗa masa, don ba ya iya riƙe magana. Sarkin Ruwa ya aika aka kira Tunau da matarsa, a gaban jama'a.

Ya ce, "Tunau, bakinku ya rufe mana gulbi. Ku je ku buɗe shi. Na ba ku kwana uku. In sun cika kifi bai ci ƙugiya ba, ku kwashe kayanku ku bar mana tunga, ko ruwa ya huce."

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, mun ji."

Da suka koma gida ya ce shi kaɗai zai tafi. Tabawa ta ce, "Mu biyu muka yi maganar, mu biyu za mu je."

Ta faɗa ne kawai, amma ba ta saba da shiga ruwa ba. Shekara talatin tana bakin gulbin nan, ba ta taɓa wuce inda ruwa yake kai mata gwiwa ba. Kifi duk da ta sani, a kan faifai ta san shi, kwance, ido a kafe.

Da gari ya waye suka shiga kwalekwale. Tunau ya tuƙa, ya tuƙa, har suka kai inda ruwa ke ratsa duwatsu yana ruri yana kumfa. Ya soka ɗan ƙaramin kifi a ƙugiya ya wurga, ya miƙa mata sandar.

Ya ce, "Riƙe da hannu biyu. Kome kika ji, kar ki saki."

Bai rufe baki ba sai fizga! Tabawa ta ji kamar an kama ta da kokawa. Sanda ta tanƙwashe, igiya ta yi ƙara tana yanka ruwa, ta yi gabas, ta yi yamma. Sai ruwa ya tsage. Wani abu ya tashi sama ya wuce tsayin mutum, ya tsaya cikin iska yana girgiza kai. Rana ta dake shi. Gefensa kamar azurfa da aka wanke, da baƙaƙen zane daga kai har gindi, wutsiya ja wur kamar garwashi, haƙora a waje kamar an jera kibau. Ruwan da ke zuba daga jikinsa ya yi ta walƙiya.

Tabawa ta ce, "Wayyo Allah!" Amma ba ta saki ba.

Ya faɗa ruwa, ya sake tashi. Ya faɗa, ya sake tashi. A na ukun ya haɗa haƙora, ƙas! Igiya ta rabu biyu. Tabawa ta faɗi zaune cikin kwalekwale, tafin hannunta na zafi. Sai ta ji tana dariya, ita kanta ba ta san dalili ba.

Tsage ya taso da kai a gefen kwalekwale, ya tofar da ƙugiya.

Ya ce, "Ke ce mai cewa ni ƙaya ne?"

Ta ce, "Ni ce, ranka ya daɗe."

"Kin ji ƙayar a hannunki?"

"Na ji."

"To jibi da hantsi, ku zo mahaɗar ruwa ku faɗi sarki. In ba ni kuka faɗa ba, zan sa 'ya'yana su datse kowace igiya, su yayyaga kowane taru, har jikokin jikokinku." Ya kaɗa wutsiya, fit, ya ɓace.

Kashegari suka nufi wajen ɗayan. Tunau ya tuƙa, ya tuƙa, har ƙarar ruwa ta ɗauke. Suka iso wani gurbi a gindin wani ƙaton dutse, inda ruwa ya yi baƙi ƙirin, ya kwanta kamar ba ya tafiya. Ko tsuntsu ba ya kuka a wurin. Tunau ya ɗauko babbar ƙugiya da igiya mai kaurin yatsa, ya soka kifin karfasa guda, ya saki. Igiya ta yi ta tafiya ƙasa, ta yi ta tafiya, har ta kusa ƙarewa. Ya ɗaure bakinta a goshin kwalekwale.

Suka jira. Hantsi ya wuce. Rana ta take tsaka. Tunau ya yi tsaki ya ce, "Kin gani ko? Wancan tun ban zauna ba ya zo. Wannan kuwa sai ka tsufa."

Tabawa ta ce, "Maigida, dutsen nan tafiya yake yi?"

Ba dutse ne ke tafiya ba. Su ne. Igiya ta miƙe sak, kwalekwale ya kama hanya shi kaɗai, ba fizga, ba hayaniya. Ya ratsa gurbin, ya juya, ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, ya yi ta haurawa kamar ƙarti goma ne ke tuƙa shi. Tunau ya kama igiya zai ja. Ko motsi. Ya kafa ƙafa ya ja har jijiyoyin wuyansa suka fito. Ko motsi. Goshin kwalekwale ya sunkuya har ruwa ya fara leƙowa. Suka wuce tsibiri, suka wuce wani, suka wuce inda Tunau bai taɓa zuwa ba duk tsawon rayuwarsa.

Can sai igiya ta yi sanyi.

Tabawa ta leƙa. Ta ga inuwa a ƙasa, tana tasowa a hankali. Ta ɗauka gajimare ne ya gifta, ta ɗaga kai, sama tas. Inuwar ta yi ta girma. Ga doro ya ɓullo, ruwa na gangarowa ta gefe da gefe. Kansa yana daidai goshin kwalekwale, wutsiyarsa ta wuce bayansa. Ɓawon jikinsa kowane ɗaya ya kai tafin hannu, tsofaffin ƙugiyoyi sun yi tsatsa a leɓensa, sun fi a ƙirga. Bakin kuwa, da ya buɗe shi, mutum zai iya shiga ya zauna. Sai idon. Ido kamar ƙaramar ƙwarya, yana haske daga ciki, launin zuma. Ya dube su.

Tunau ya tuɓe hularsa. Tabawa kuwa ta tuna wuƙarta da faifanta, ta tuna yawan 'ya'yan wannan halitta da ta yanka tana hira, sai ta sunkuyar da kai.

Giwan Ruwa ya yi magana, muryarsa kamar daga cikin rijiya.

"Kai ne mai cewa ni turmi ne?"

Tunau ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Na tuba."

"Ban gaji ba. Na tsaya ne don kar kwalekwalenku ya nutse." Ya buɗe baki, ƙugiya ta fito ita kaɗai, ta miƙe sambal kamar tsinke. "Gobe da hantsi ku zo mahaɗar ruwa ku faɗi sarki. In ba ni kuka faɗa ba, zan kwashe jama'ata mu sauka inda igiya ba ta kaiwa. Ba za ku sake ganin mu ba."

Ya nutse a hankali kamar yadda ya taso.

Ruwa ne ya gangaro da su gida, don hannun Tunau ba ya iya riƙe filafilin tuƙi. Suka yi nisa. Sai Tunau ya nisa ya ce, "Tabawa, kin fi ni gaskiya. Giwan ruwa ne sarki."

Ta juyo ta ce, "A'a, Maigida. Ni da na riƙe sandar nan jiya na san abin da na ji. Tsage ne sarki."

"Ke! Ba ki ga abin da na gani ba? Giwan ruwa ne sarki!"

"Tsage ne sarki!"

Suka tsaya suna kallon juna. Tunau ya dafe kai ya ce, "Mun shiga uku. Mu faɗi wannan, wancan ya kashe mu da yunwa. Mu faɗi wancan, wannan ya kashe mu. Ga shi mu biyu ma mun kasa haɗa baki."

Tabawa ta ɗago kai. Ta ce, "Me ka ce?"

"Na ce mu biyu ma mun kasa haɗa baki."

Ta ce, "To gobe ka bar mini maganar."

Rana ta uku da hantsi, tunga duka ta fito gaɓa, har masu goyo. Tunau ya tuƙa matarsa zuwa mahaɗa, inda farin ruwa mai gudu yake karo da baƙin ruwa mai zurfi. Yara, abin da Tabawa ta gani a wurin nan, ba ta daina ba da labarinsa ba har ta tsufa. Ba a ganin ruwa, sai bayan kifi. Daga wannan gaɓa zuwa waccan, kifi ne a jere. Tarwaɗa da gashin bakinta, karfasa garke-garke, ragon ruwa, bargi, da waɗansu da ko Tunau bai san sunansu ba. A dama tsage sun yi sahu suna walƙiya. A hagu giwayen ruwa sun yi shiru kamar duwatsu. Manyan biyu suna gaba.

Tsage ya ce, "Ku faɗa! Wa ne sarki?"

Tabawa ta miƙe tsaye. Ta gaishe su, dama da hagu.

Ta ce, "Ranku ya daɗe, mu mutane ta hanya biyu muke sanin kifi: a igiya da kuma a tukunya. A igiya, Tsage, na ga tashinka sau uku, ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Amma ka datse igiya ka tafi. Mijina ya ce ƙarfi ne. Wani zai iya cewa gajiya ka ji tana zuwa."

Tsage ya daka tsalle. "Gajiya? Ni?"

"Ba ni na faɗa ba, na ce wani zai iya faɗa. Kai kuma Giwan Ruwa, ka ja mu har inda ba mu sani ba. Amma sai da muka yi rabin yini muna jiranka. Wani zai ce nutsuwa ce, wani zai ce nawa ce."

Ta ci gaba.

"A tukunya kuma, na daɗe ina cewa tsokar giwan ruwa ta fi. Amma akwai tsohuwa a tungarmu da ke cewa in aka tsattsaga tsage aka gasa shi da yaji, mai haƙurin tsintar ƙaya zai ji zaƙin da babu shi a jikin kowane kifi. Harshe ɗaya gare ni. Mijina hannu biyu gare shi. Yaya za mu naɗa wa gulbi guda sarki da wannan? Abin da na gani shi ne, ku bari kowane hannu a tungar nan ya ji ku a igiya, kowane harshe ya ɗanɗana ku, da damina da rani. Ranar da bakinmu ya zo ɗaya, babba da yaro, za mu taru a nan mu faɗi sarki."

Tsage ya ce, "Shi ke nan? Ku jefo ƙugiyoyin! Ku jefo duka! Za ku ga wanda ke gajiya!" Ya juya kamar kibiya, jama'arsa suka bi shi. Sauran kifaye suka watse, aka janye doka. Kafin Tunau ya juya kwalekwale, an fara ihu a gaɓa, wani ya riga ya fito da tarwaɗa.

Tabawa ta zauna tana ajiyar zuciya. Sai kwalekwale ya ɗan karkata. Ta waiwaya. Giwan Ruwa bai tafi ba. Ya matso har babban idon nan yana daidai fuskarta, tana ganin kanta a ciki, 'yar ƙarama.

Ya ce a hankali, "Tabawa."

"Na'am, ranka ya daɗe."

"Ke da mijinki, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, kun kasa haɗa baki. Yaushe tunga guda za ta haɗa?"

Ta nemi ƙarya, ta dubi idon nan, ta ga ba inda ƙarya za ta shiga.

Ta ce, "Babu ranar, ranka ya daɗe."

"Na sani tun ba ki rufe baki ba."

"To me ya hana ka tona ni?"

Ya ce, "Can ƙasa inda nake kwance, kome na gaɓa yana iso mini. Da ina jin dariyar yaranku in sun shigo wanka. Wata guda ke nan kuka nake ji. Nawa ma sun gaji da cizon juna. Sarauta kuwa, na daɗe a ruwan nan tun ba a kafa tungarku ba, ba wanda ya naɗa ni, ban kuma ragu ba. Ki bar Tsage ya yi ta tsallensa, ya dace da shi. Abu ɗaya nake so. Ƙaramin da bai isa ba, ku mayar. Mai ƙwai a ciki, ku mayar. Wanda kuka ɗauka kuwa, ku cinye shi, kar ku zubar."

Tabawa ta ce, "Na ɗauka, zan kuma faɗa a gaban Sarkin Ruwa."

Ya fara nutsewa. Ta kama gefen kwalekwale tana kallo. Doron ya ɓace, inuwar ta ɓace, hasken idon ya yi ta ƙanƙancewa a cikin baƙin ruwa har ya zama kamar ƙwayar gero, sannan babu.

Ranar nan hayaƙi ya tashi a kowane gida. Sarkin Ruwa ya ji sharaɗin, ya sa aka yi shela, ya ce Tunau da matarsa su zauna a tungarsu. Tabawa ta yi romon giwan ruwa, ta gasa tsage, ta zauna ta tsince ƙayar da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, ba ko tsaki. Jikokinta suka ci har suka yi barci da cokali a hannu. Shari'ar kuwa tana nan ba a yanke ba. Shi ya sa har gobe in ka wurga ƙugiya a ruwa mai gudu, tsage zai cafka da fushi ya tashi sama, yana nema a ce shi ne.

To kun ji, yara. Mai jiran a yabe shi, da 'yar magana kaɗan ake jan sa. Wanda ya san girman kansa kuwa, yakan ga dabara ya ƙyale ta saboda tausayi. Kuma kafin ka raina wata halitta, je ka gan ta a inda Allah ya ajiye ta.

Ƙurunƙus kan ɗan ƙurungu! Na mayar da ita ruwa, mai so ya je da ƙugiyarsa.